Tsagar Tulun Rifkatu

Beltsville, Maryland
Satumba

Mama Constance,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki da ba ta ga maciji da damina? Ki gaishe mini da ɗanki Longji, ki ce na gode da yake buga wasiƙuna a takarda yana kai miki Pankshin, tunda kin rantse kunnenki da waya ba sa jituwa. Ni lafiya lau, sai gajiyar jirgin ƙasa safe da yamma.

Albishirinki. Kin daɗe kina gaya wa mutane cewa 'yar yayarki ta yi digiri uku don ta zama mai gadin hotuna a Amurka. To, mai gadi ta sami ƙarin girma. Gidan nunin fasahar da nake wa aiki a Washington ya ba ni nuni na kaina, za a buɗe shi a Maris. Ni zan zaɓi ayyukan, ni zan tsara inda kowanne zai tsaya, ni zan rubuta littafin bayaninsu, sunana ne a bakin ƙofa. Na gaji da rubuta wa wasu su sa hannu a tafa musu. In nunin ya yi kyau a sabunta kwantiragina, in bai yi ba a sallame ni.

Ayyukan wata mata ne mai suna Olive, baƙar fatar ƙasar nan, jikar waɗanda aka kawo bauta. Tuluna take ginawa, manya, wasu sun kai tsayina, amma duk a toshe, babu mai baki. Ta ce kakanninta sun iso nan an ƙwace musu harshe, ba ta ga dalilin yi wa tulu baki ba. Na nuna mata bidiyon marigayiya Mama, yayarki Rifkatu, tana buga tulu a Zumuntar Mata ta coci. Ta kalla har ƙarshe, ta ce in mayar, ta sake kallo.

Mama Constance, tulun Mama nake so. Wannan dai da kika sani, mai tsaga tun daga wuya har ciki, wanda ya faɗo daga bayan a-kori-kura ta liƙe shi da kwalta, ta ɗaure wuyan da robar tayar keke. Ina so ya tsaya a tsakiyar tulunan Olive, shi kaɗai mai baki. A ƙasar nan kayanmu a ɗakin ƙasa ake ajiye su, a rubuta “gargajiya”, ba sunan kowa, nasu kuwa a sama da suna da shekara. Ni a sama zan sa shi, a rubuta Rifkatu. Rabin littafina a kan tsagar nan na rubuta shi.

Kada ki damu ko kaɗan. Akwatin gilashi za a yi masa, mai makulli, ga inshora. Ba mahaluƙin da zai taɓa shi, ko ni sai da safar hannu. Zai huta.

Dachung, mijin ƙawata Becky, yana Jos yanzu, zai dawo a Nuwamba. Ki ba shi ya riƙo a hannu.

'Yarki,
Nanret


Pankshin
Oktoba

Ɗiyata Nanret,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Mun gode Allah, muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. An yanke acca, bana ta yi kyau, zan ba Dachung kaɗan in ma'aikatan filin jirginku ba za su ce ƙwayar bindiga ce ba.

Na yi murna da ƙarin girma. Na sanar a Zumunta, an yi guɗa, ko da yake har yanzu ba mai iya faɗin aikinki a jimla ɗaya. Ita kuma mai gina tulu ba baki, Allah ya ba ta lafiya. A nan in mace ta gina irin wannan, sai a ce ta je ta huta.

Na karanta wasiƙarki a tsanake, musamman wajen gilashin.

Dachung ya zo, na ba shi tulu. Na naɗe shi da zanen Zumunta biyu, na cusa tsumma a ciki. Ba zai ba ki kunya a gaban baƙi ba. Zanen ki riƙe, ko za ki tuna da hanyar coci.

Uwarki,
Constance


Beltsville
Nuwamba

Mama Constance,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ni ba zan yi ƙarya in ce ina lafiya ba.

Da na ga wasiƙarki har rawa na taka a kicin. Washegari na sanar wa kowa a wurin aiki cewa tulun yana hanya. Ranar da Dachung ya kawo shi, na tara mutane a ɗakin da muke buɗe kaya: Alexander shugaban gidan, da matar da ke kula da lafiyar kayan nuni sanye da farar safar hannu, da mai ɗaukar hoto, da Olive da ta tuƙo mota tun daga Baltimore. Na tsaya na yi musu jawabi a kan tsaga da kwalta. Aka warware zani na farko. Aka warware na biyu.

Sabo fil, Mama Constance. Ja wur, ko ƙwarzane babu, har yanzu yana warin hayaƙin gashi. Mai safar hannu ta juya shi, ta sake juya shi tana neman tsaga, sannan ta dube ni cikin tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka damfara a tasha. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Me na yi miki? Na rubuta miki a fili wanda nake so. Kin ce ba zai ba ni kunya ba, ga shi ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Na san halinmu, ba a fito wa baƙo da kwano mai lamba, sai a ɓoye shi a ɗauko na cikin kabad. Amma wannan ba cin abincin Kirsimeti ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alexander ya ja ni gefe ya ce, “Nanret, daga Najeriya ya zo, da hannu aka gina shi. Mu rubuta tulun matan coci daga Filato, mu cire zancen tsagar, mu sa shi a gilashi. Wa zai sani?” Na ce ni zan sani. Ya ce littafin zai shiga maɗaba'a a Janairu, ko da tulun gaske ko da gyararren rubutu, in zaɓa. Na ce ba zan liƙa sunan uwata a kan tulun da hannunta bai taɓa ba, ko da za a rufe gidan.

Tulun nan gadona ne, ni kaɗai ta haifa. Ban taɓa neman komai nata ba, ko ɗankunne. Akwai wata Abby da za ta zo gida hutun Kirsimeti, za ta biyo ta wajenki. Ki ba ta na gasken.

Nanret


Beltsville
Janairu

Mama Constance,

Barka da sabuwar shekara. Abby ta dawo hannu biyu. Ta ce kin karɓe ta da kyau, kin cika ta da gwate, da ta kawo zancen tulu sai kika tambaye ta lafiyar yara. Na kira Longji, ya ce ya kai miki wasiƙata tun kafin Kirsimeti.

In kalmar gado ce ta ɓata miki rai, na janye ta, ke ma 'yar'uwarki ce. Amma buƙatar ban janye ba. Na hana littafin tafiya maɗaba'a, Alexander ya daina gaishe ni a lif. Dusar ƙanƙara ta rufe mu, ina zaune ina kallon jan tulunki a kan teburin cin abinci, shi ma yana kallona.

Ki zage ni in kina so, amma ki yi magana.

Nanret


Pankshin
Janairu

Nanret,

Alheri da salama. Muna lafiya, sanyi dai ya sa kowa ya zama tsoho. Shirun da na yi da gangan ne, kada ki ɗora wa Longji. Na ji tsoron in na rubuta da zafi, takardar za ta kama wuta a hannunsa.

Kin ce kunyar baƙi ta sa na aiko sabo. Akwai wannan, ba zan musa ba. Amma ba ita ce babba ba. Ki koma ki karanta wasiƙarki ta farko. Gilashi. Makulli. Ba mahaluƙin da zai taɓa shi. Zai huta. Nanret, wa ake cewa ya huta? A kan Yaya muka faɗi kalmar nan, a bakin rami. Lokacin da nake koyarwa na sha kai 'yan makaranta gidan tarihi, na ga tukwane a jere, kowacce da 'yar takardarta, shiru kamar maƙabarta. Can kike so ki kai muryar uwarki, har kina yi mini albishir da makulli.

Kin san inda tulun ya yi Disamba? Ya raka gawar tsohuwar shugabarmu. Ya je bikin jikar Mama Laraba. Ya hau babur ya je wani ƙauye bayan dutse inda aka ƙona wa mutane coci, muka zauna a ƙarƙashin mangwaro muka buga shi har matan da suka ce ba za su ƙara waƙa ba suka buɗe baki. Tun da Yaya ta tafi ni nake buga shi kowace Talata. Tulun da ba a bugawa, ai abin zuba ruwa ne. In abin kallo kuke so, ga sabo na aiko, ku kalla har idonku ya ƙoshi.

Sai maganar tsaga. Kin ce rabin littafinki a kanta ne. Kin tambayi mai ita? Duk shekarun da na zauna kusa da Yaya a benci, ban taɓa ganin ta bar tsagar nan ta kalli jama'a ba. Kafin ta ɗaga soson bugu, sai ta juya tulun, tsagar ta koma wajen cinyarta, zani ya rufe. Abin da mace ta yi rayuwarta tana rufewa, shi 'yarta za ta haska wa fitila a Washington, Turawa su zo su karkata kai suna cewa ya yi kyau? Talaucinmu ne a jikin tulun nan. Da muna da halin sabo a lokacin, da ba ta nemi kwalta ba.

Gadonki ne, ban ƙi ba. Ranar da na bi Yaya, ki zo ki ɗauka, ki sa shi a firiji ma in kin ga dama. Amma muddin hannuna yana ɗagawa, ba zai shiga akwati ba.

Ki ci abinci. Abby ta ce kin rame.

Uwarki, ko kina fushi,
Constance


Beltsville
Maris

Mama Constance,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gwiwa? Na ci abinci, ki kwantar da hankali.

Wasiƙarki ta yi mini zafi. Na yi mako ina amsa miki a cikin mota ni kaɗai, kuma duk gardamar ni nake cinyewa. Sai ran wata Asabar na ɗauki jan tulunki na sa masa bel a kujerar gaba, na nufi Gaithersburg. Matan Zumunta na nan suna taruwa a ɗakin ƙasa na gidan Becky, yawancinsu nas-nas ne 'yan Kaduna da Filato, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Da bokitin fenti suke kiɗa, don ɗauko tulu a jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Da na shigo da shi, duk suka taso suka kewaye shi. Becky ta yanko soson kujera, ta naɗe da tsumma, ta zauna, ta buga sau ɗaya. Wata ta ce, “Wayyo gida.” Ba wanda ya koma gidansa da wuri ran nan.

Ran Litinin na gaya wa Alexander cewa babu gilashi. Tulun zai zauna a ƙasa a kan gammo, da benci a bayansa, kowace Asabar mata za su zo su buga. Ya ce dokar gida ta hana taɓa kayan nuni, inshora ba za ta yarda ba, kuma tulunan Olive na iya girgiza. Olive ta ce, “Su girgiza mana, shi nake jira.” Ya ce wannan wurin fasaha ne, ba coci ba. Na ce shekara nawa muna rataye gumakan mutane da kayan ibadarsu a nan, ba wanda ya ce ba coci ba ne, sai yau da masu abin suka zo da ƙafarsu? Na ce ko a yi haka, ko ya cire sunana daga ƙofa ya gaya wa 'yan jarida dalili. Ya yarda, ba don ransa ya so ba. Na sake rubuta littafin daga farko. A jikin bango na rubuta gaskiya: wannan sabon tulu ne, na Rifkatu yana Pankshin, ya ƙi zuwa domin yana kan aiki.

An buɗe nunin. Da matan suka fara, na ga Olive ta manna kunnenta a jikin babban tulunta marar baki, ta daɗe a haka, ta yafito ni. Yana amsawa, Mama Constance. Can ciki yana gurnani.

Mutane suna cika ɗakin kowace Asabar. Duk da haka Alexander ya kira ni ofis ya ce ba za a sabunta kwantiragina ba, wai ba na aiki da tsari. In an rufe nunin a Yuni, ni ma an rufe ni. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na fito. Da za a mayar da ni Janairu, abin da na yi shi zan sake yi.

A kan gilashi kin yi gaskiya. A kan tsaga ban yarda da ke ba, kuma ba zan yarda ba. Ke kina gefenta a benci, ni ina ƙasa, jingine da cinyarta. Baƙin layin kwaltar nan a gaban hancina yake, ina bin sa da yatsa har inda ya shige ƙarƙashin zani, ƙarar tana shiga haƙarƙarina. Jama'a sun ga gefen mai kyau, ni gefen tsaga aka ba ni. Ba ta taɓa ture hannuna ba. Kada ki ce mini kunya ce kawai.

'Yarki mai taurin kai, kin san inda ta gado,
Nanret


Pankshin
Afrilu

Ɗiyata,

Alheri da salama. Ruwan fari ya sauka, gwiwa ta sanar da ni tun kafin gajimare. Longji ya nuna mini bidiyonku a wayarsa. Ki gaya wa Becky hannunta ya yi nauyi, tulu ba ɓarawo ba ne. Amma na ga matar nan da kunnenta a jikin tulunta, na janye addu'ar lafiyar da na yi mata, lafiyarta ƙalau.

Maganar aiki ta taɓa ni. Ban so ki rasa abincinki a kan taurin kaina ba. Amma gidan da zai kori mutum don an buga tulu a cikinsa, dama ba wurin zama ba ne. Wanda ya ba ki digiri uku bai yi barci ba.

Yanzu ki saurara. Kin ce kada in ce kunya ce kawai, maganar ta tsaya mini a rai. Ran Talata na ce bari in gwada, don in rubuto miki cewa na gwada kuma abin bai yi kyan gani ba. A gaban dukan Zumunta na juya tulun, tsagar ta kalli jama'a. Na ɗaga soso na buga.

Nanret, ba murya. Wani “fas” ya yi, kamar an mari bokitin roba. Na ƙara bugawa, haka. Mata suka juyo suna tambaya ko ya ƙarasa fashewa. Na juya shi yadda yake zama, na matsa, na buga, sai ga muryar Yaya ta cika cocin. Kwaltar ba ta taɓa toshe tsagar duka ba, iska tana fita ta nan. Cinya ce take rufe sauran. Shekarun nan duk ina matse shi, ban san ina matsewa ba, na ɗauka haka ake zama da shi don haka na ga tana yi.

Ni na ce ɓoyewa take. Ke kin ce ado ne. Ashe riƙe shi take yi da jikinta, waƙa bayan waƙa, ba ta gaya wa kowa ba. Na kasa gama waƙar ran nan, Mama Laraba ce ta karɓa.

Saboda haka ga hukuncina, kuma ba shawara nake nema ba. A gilashi, tulun nan ko an buɗe makullin an buga, ba abin da zai ce. Longji ya kai ni Jos na yi hoton fasfo, na fito kamar wadda ake nema ruwa a jallo. Ki aiko takardar gayyata tun sunanki yana bakin ƙofar, ki rubuta cewa ana buƙatata Asabar ta ƙarshe kafin a rufe. In ofishin jakadancinsu ya hana ni biza, su suka hana, ki rubuta wannan ma a bango.

Ki gaya wa Alexander ɗinki ya tanadi benci gajere, marar jingina, ya kuma ajiye safar hannunsa. Ke ma ki nemi zanen da za ki zauna a ƙasa da shi, a gefen da kika saba. Tulun Rifkatu zai zo Washington, amma da cinyarsa zai zo.

Uwarki,
Constance